Wanda Aka Kai Wa Kuka: Sharhi A Kan Fim Ɗin Paterno Da Wasanninmu Na Dandali

Tun ina aji uku na sakandare na karanta Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda Kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1979, kuma har yau in ka tare ni a hanya ka ce in faɗi mutanen da ke cikinsa, sunaye biyu ne za su fara zuwa bakina, watau Zaliha 'yar makaranta da Alhaji Ruwan-Ido. Na gwada wannan tambaya a kan abokaina da dama a nan Dutsin-Ma, kowa amsarsa ke nan. Wannan kuwa yabo ne ga marubucin, domin ba kowane mai alƙalami ne yake ƙera mutum ya rayu a bakin jama'a fiye da shekara 40 ba. Amma akwai wani abin da ya biyo baya wanda ba laifin marubucin ba ne, laifinmu ne mu 'yan koyo. Mun ɗauki wannan zubi mun mai da shi tamkar kwamin yin bulo. Duk sa'ad da ɗayanmu ya tashi rubuta wasa ko gajeren labari a kan lalata 'yan makaranta, sai ya kawo mugu, ya kawo yarinya, ya kawo ɗan aike a tsakani. Iyakar abin da zamani ya sauya shi ne an tuɓe wa mugun babbar riga an sa masa kwat, an karɓe makullin mota an ba shi jan biro. Ƙarshen labarin kuwa sananne ne tun kafin a ɗaga labule: ciki, kora, kuka, nadama, sa'an nan asirin mugu ya tonu, 'yan kallo su yi tafi su watse.

Akwai mutum guda da ban taɓa ganin an fito da shi sosai a dandalinmu ba, alhali a zahiri kusan kowace irin wannan magana sai ta bi ta ofishinsa. Shi ne wanda aka kai wa kuka. Ba shi ya yi ɓarnar ba, ba a kuwa yi masa ba, amma an zo an tsaya gabansa an gaya masa, kuma yana da ikon yin wani abu. Wannan mutum shi ne tauraron wani fim na Amurka mai suna Paterno, wanda Barry Levinson ya shirya wa gidan talabijin na HBO a 2018, kuma a kansa nake so in yi wannan sharhi, in mai karatu zai yi haƙuri da ni in ɗan kai shi nesa kafin mu komo gida.

Ga wanda bai san labarin ba, Joe Paterno koci ne na irin ƙwallon Amurkawa, wadda ake runguma da hannu ana bangazar juna, a Jami'ar Jihar Pensilbaniya. Ya kama shugabancin 'yan wasan jami'ar a 1966, ya yi kaka 46 yana kai, ya ci wasa 409. Filin wasan jami'ar yana ɗaukar mutum fiye da dubu 100, an kuma kafa mutum-mutuminsa a bakin filin tun yana da rai. Ba a cin wasa kaɗai ya yi suna ba, an san shi da matsa wa 'yan wasansa su yi karatu, da kuma taimaka wa laburaren jami'ar da kuɗinsa. A taƙaice dai dattijo ne, irin wanda in a nan ne za a ce ba a jin kansa da kowa.

To, a watan Fabrairu na 2001 wani matashin mataimaki mai suna Mike McQueary ya shiga wurin wankan 'yan wasa da dare, ya ga Jerry Sandusky, tsohon mataimakin Paterno wanda ya yi ritaya a 1999, tare da wani yaro ƙarami a cikin hali marar kyau. Da gari ya waye ya tafi gidan Paterno ya gaya masa. Paterno ya bari sai kashegari ya sanar da darektan wasanni, Tim Curley. Magana ta kai ga mataimakin shugaban jami'a, Gary Schultz, ta kai ga shugaban kansa, Graham Spanier. Abin da aka yanke shi ne a ce wa Sandusky kada ya ƙara kawo yara harabar wasanni. Ba wanda ya kira 'yan sanda, ba wanda ya nemi sanin ko yaron nan wane ne. Shekara 10 suka wuce. Sai a Nuwamba 2011 aka kama Sandusky, a Yuni 2012 kotu ta same shi da laifi 45 na lalata da yara, aka yanke masa ɗaurin shekara 30 zuwa 60. Shi kuwa Paterno, ranar 9 ga Nuwamba 2011 hukumar jami'ar ta sallame shi ta wayar tarho yana da shekara 84, ɗalibai suka fito zanga-zanga don nuna goyon baya gare shi har suka kifar da motar 'yan talabijin. Ya rasu a Janairu 2012. A Yuli na wannan shekara aka tumɓuke mutum-mutumin.

Hikimar farko ta mai shirya fim ɗin ita ce da ya ƙi ba Sandusky fili. Da ɗayanmu ne, da rabin wasan ya ƙare wajen nuna yadda mugu yake lallaɓa yara, yana zare ido yana lashe baki. A nan kuwa da ƙyar ake ganinsa. An ɗauki 'yan kwanakin nan na Nuwamba 2011 an tsare mu a cikin falon Paterno, tare da matarsa da 'ya'yansa, ana ta roƙonsa ya karanta takardar tuhumar da aka fitar, shi kuwa hankalinsa yana kan wasan da za su yi da Nebraska ran Asabar. Al Pacino ne ya fito a matsayinsa, kuma a ganina bai taɓa yin wasa da ƙarancin hayaniya kamar wannan ba. Tsoho ne cikin manyan tabarau, yana maimaita cewa ai shi ya gaya wa na gaba da shi, me kuma ake so ya yi? Abin tsoro a cikin wasan shi ne ba ka jin ƙarya a muryarsa. Ya yarda da abin da yake faɗa. Da mai kallo zai iya cewa ga munafuki nan, da ya sami sauƙi, ya tsine masa ya tafi ya kwanta. Amma abin da ake nuna maka mutumin kirki ne wanda ya tsara rayuwarsa yadda wata magana ba za ta sami wurin zama a cikin kansa ba.

Akwai inda fim ɗin ya gaza, ba zan ɓoye ba. An naɗe labarin duka a cikin tunanin tsohon yana kwance a na'urar asibiti ana ɗaukar hoton cikin jikinsa, dabarar da ta tsufa, kuma tana jawo tausayin da bai kamata a ba shi kyauta ba. Yaran da aka ɓata, in ban da guda ɗaya da aka nuna ana tsangwamarsa a makaranta saboda ya yi magana, sun zama kamar inuwa. Ita ma 'yar jaridar da ta fara tono maganar, Sara Ganim, wadda ta sami lambar Pulitzer a 2012, an yi amfani da ita ne kawai kamar igiyar ɗaure kaya. Daɗin daɗawa, a ƙarshe an kawo wani mutum yana buga waya yana cewa shi tun 1976 ya gaya wa Paterno, aka rufe fim a nan. Wannan zargi ne da aka yi, ba a taɓa tabbatar da shi a gaban alƙali ba, kuma ajiye shi a bakin ƙofa haka yana rushe abin da aka yi awa ɗaya da rabi ana ginawa. Ƙarfin labarin ai shi ne ko da abin da kowa ya amince da shi kaɗai aka tsaya, watau an gaya masa a 2001 ya miƙa sama ya koma fili, ya isa a yi masa tambaya.

Tilas kuma a yi adalci. Masu gabatar da ƙara ba su tuhumi Paterno da laifi ba, sun ce ya cika abin da doka ta ɗora masa. Curley da Schultz da Spanier ne kotu ta hukunta a 2017 saboda jefa yara cikin haɗari. Rahoton Louis Freeh, tsohon shugaban hukumar FBI, wanda ya fito a Yuli 2012, ya sa Paterno cikin waɗanda suka ɓoye maganar, iyalinsa kuma suka yi fatali da rahoton suka kawo nasu. Shi da kansa, kafin a kore shi, ya ce da ya san abin da ya sani daga baya da ya yi fiye da haka.

A kan wannan gaɓa muka yi gardama da wani malamina a cikin mota, ran wata Jumma'a muna tafiya daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, shi zai wuce Katsina ya rage mini hanya. Na ba shi labarin fim ɗin, ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, “To kai me kake so tsohon ya yi? Shi ɗan sanda ne ko alƙali? An kawo masa magana ya kai wa shugabansa. Ko a nan haka tsarin aiki yake.” Na ce, “Allah ya gafarta Malam, da a ce McQueary zuwa ya yi ya ce masa ya ga ana sace rigunan wasa daga sito, kana jin zai kai rahoto ya yi shiru shekara 10 bai tambayi inda aka kwana ba?” Malam ya yi dariya ya ce na iya kafa tarko. Amma bai sallama ba. Ya ce abin da yake tsoro shi ne ranar da za a wayi gari kowace ɗaliba da ta faɗi jarrabawa ko aka cire ta daga tim ta san cewa kalma ɗaya ta isa ta rusa mutum da iyalinsa. Har muka iso Kurfi ya sauke ni a bakin titi ba mu daidaita ba, kuma zan komo kan maganarsa, domin ba maganar banza ba ce.

Me ya sa koci, ba malamin aji ba? Mu da muka taɓa sa jesi mun san dalili. Malamin aji in ya kayar da kai da gangan, takardarka tana nan, kana iya neman a sake dubawa, akwai mai jarrabawa na waje, akwai majalisar sashe. Amma in koci ya karanta sunayen waɗanda za su shiga bas zuwa gasar NUGA ko ta NICEGA babu sunanka, wa za ka kai wa ƙara? Zai ce ƙafarka ta yi nauyi, shi ke nan, ba takardar da za a buɗe. Alawus ɗin tafiya ta hannunsa yake bi. Shi yake raba ɗakunan kwana a garin da ba ka san kowa ba. Aikinsa ya halatta masa ya taɓa gwiwa ko kafaɗa in an ji ciwo, ya kira mutum shi kaɗai da asuba ko bayan la'asar. Ga 'yar talaka kuwa wadda gudu ko ƙwallon hannu ne kaɗai ƙofar da take hange ta samun aikin ɗamara ko tallafin karatu, wannan iko ya fi na mai jan biro. Kuma saboda tim kamar gida ɗaya yake, in wani abu ya faru ba ofishin shugaban ɗalibai ake fara zuwa ba, wurin babban koci ake zuwa, shi ne uba.

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne. A Yuni 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan tim ɗin ƙwallon kwando na 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 18 na ƙasar Mali, ƙasar Musulmi 'yan'uwanmu, masu kunya da kara irin namu. 'Yan wasa sun ce kocinsu, Amadou Bamba, yana neman su da lalata, wadda ta ƙi kuma sai ta zauna a benci. Sun ce an kai kuka ga shugabannin hukumar wasan ta ƙasa, ba abin da aka yi. An kama Bamba a Yuli. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta sa lauya Richard McLaren ya bincika, rahotonsa na Satumba 2021 ya ce cin zarafin 'yan wasa ya zama abin da aka saba da shi a cikin hukumar, an kuma yi ƙoƙarin tsorata shaidu. An dakatar da shugaban hukumar, Harouna Maiga, da wasu jami'ai, daga baya a 2023 aka haramta wa Bamba harkar wasan har abada. Amma ga abin da ya tsaya mini a rai. A Agusta 2021 'yan matan Mali suka tafi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 a ƙasar Hangare, suka zo na huɗu, abin alfahari ga Afirka duka. Yarinyar da ta fara buɗe baki ba ta cikinsu, an ajiye ta a gida.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa wannan fim ya hana ni barci, ko da yake na daɗe ina jinkirin rubuta shi. Ina da ƙanwa, 'yar kawuna ce, tare muka tashi. A wata makaranta da ba zan faɗi sunanta ko garinta ba, kuma ba a nan take ba, ta kasance cikin masu gudun mita 400. Akwai wani mai taimaka wa malamin wasanninsu da ya dame ta da kira da saƙo, har wata rana a wurin gasa ya tare ta a bayan ɗakin ajiye kaya, Allah ya sa wasu suka taho. Ta yi ta maza ta je ta gaya wa babban malamin, mutumin da kowa yake girmamawa, ni ma har yau in na gan shi sai na durƙusa. Ya saurare ta, ya ce ta yi haƙuri, ya ce ta rufa wa kanta asiri kada maganar ta fita ta ɓata mata aure, ya ce zai yi maganin abin. Ya kuwa yi, a irin nasa ganin: ya kira mutumin ya yi masa faɗa a ɓoye, ya mai da shi wajen horar da ƙananan aji. Ita kuma da aka tashi tafiya ta gaba ya ce ta zauna, wai don a kauce wa fitina. Ba ta sake gudu ba. Sai bayan shekara biyu ta gaya mini, muna zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ce, “Yaya, ni ba wancan ne ya fi ba ni haushi ba. Malam ne, da ya ce in zauna.” Ban sami abin da zan ce mata ba. Tambayar da ban yi ba a ranar, sai da na ga Pacino cikin tabaransa ta zo mini, ita ce: su ƙananan ajin fa?

Rufin asiri kalma ce mai daraja a Hausa, har addu'a muke yi da ita. Amma ya kamata mu masu nazarin harshe mu lura da yadda take sauya ma'ana gwargwadon bakin da ta fito. In mutum ya yi kuskure tsakaninsa da Ubangijinsa ka rufa masa, ka yi alheri. In kuwa akwai wanda aka zalunta, kuma mai zaluncin yana nan da makullin sito da usur a wuya, to asirin wa aka rufa? A labarin ƙanwata an ce nata ne, amma wanda ya ci gaba da aikinsa da albashinsa da mutuncinsa ba ita ba ce. Haka “a bar kaza cikin gashinta”, haka “a yi sulhu”, haka “kada a ɓata sunan makaranta”. Marubucin da yake neman jigo, ga shi nan a cikin kalmomin da muke furtawa kullum, bai bukatar ya ƙirƙiro Alhaji mai jan ido.

Sai maganar Malam ta cikin mota. Gaskiya ne ƙazafi babban laifi ne, Suratun Nur ta ajiye bulala 80 ga wanda ya jefi mutum da zina bai kawo shaidu huɗu ba, kuma ba mai hankalin da zai so a kori ma'aikaci a kan jita-jita. Amma ina ganin an haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Yarinyar da ta ce wane yana takura mini, yana tare ni, ba hukuncin haddi ta zo nema a wurin koci ba, kuma ba a ce koci ya yanke hukunci ba. Abin da ke wuyansa kaɗan ne kuma a fili yake: ya rubuta abin da aka gaya masa da ranar da aka gaya masa, ya raba wanda ake zargi da 'yan wasa har a bincika, ya kai maganar inda za a bincika ɗin, ya koma ya tambaya, kada kuma mai ƙara ta rasa gurbinta saboda ta yi ƙara. Wannan tsari ai shi ne ma kariyar wanda aka yi wa ƙarya, domin bincike ne kaɗai yake wanke mutum. Faɗan ɓoye ba ya wanke kowa, sai dai ya bar magana tana yawo a ɗakunan kwana.

Game da tsoron cewa 'yan mata za su riƙa tururuwa suna ƙaga ƙarya, ina roƙon Malam ya tuna da ƙasar da muke ciki. A Maris 2002 kotun shari'a ta Bakori, a nan jiharmu, ta yanke wa Amina Lawal Kurami hukuncin jefewa, mutumin da ta ambata kuwa ya musanta aka sallame shi, sai a Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta soke hukuncin. Ba irin maganarmu ba ce kai tsaye, amma kowace yarinya da ta tashi a nan ta san darasin da ke ciki ko ba ta san sunan ba: in magana ta fita, a kan mace take sauka. A 2019 da 'yan matan Arewa suka fara ba da labarinsu a intanet ƙarƙashin taken ArewaMeToo, cikin waɗanda 'yan sanda suka fara kamawa har da ɗaya daga masu fafutukar, marubuciya Maryam Awaisu, a Kaduna. A irin wannan wuri, wadda ta daure ta zo ofis ta buɗe baki ta riga ta saka abin da ya fi gurbin tim tsada.

A wannan shekarar dai, cikin Oktoba, sashen binciken BBC ya fitar da Sex for Grades, watau lalata don maki, wanda Kiki Mordi ta jagoranta a Jami'ar Legas da Jami'ar Gana. Aiki ne na jarumtaka, kuma ya sa an dakatar da malamai, daga baya Jami'ar Legas ta kori biyu. Amma ta fuskar zubi, ɗan'uwan wasanninmu ne: kyamarar ɓoye tana kan fuskar mugu. An nuna wani ɗaki a kulob ɗin manyan ma'aikata da ake kai ɗalibai mata, jami'a ta rufe shi bayan fim ya fito. Ni kuwa tambayata ita ce, su waye suke zaune a ɗakin da ke kusa duk shekarun nan suna shan lemo? Ba a nuna su ba, domin kyamarar ɓoye ba ta iya ɗaukar hoton shiru. Wannan aikin marubuci ne.

Kusa da mu ma an ga inda shirun yake kaiwa. A cikin watan nan na Oktoba 2019 wata tsohuwar ɗalibar Jami'ar Ahmadu Bello ta tsaya ita kaɗai da kwali a hannu a Jami'ar Jihar Kaduna, saboda wani malami da aka sallama a Zariya kan irin wannan zargi ya sami aiki a can yana koyarwa. Sai bayan haka aka dakatar da shi. Tsakanin Zariya da Kaduna tafiyar awa ɗaya ce. Wani ya karɓi takardunsa, wani ya zauna a kwamitin ɗaukar aiki, wataƙila wani ya san labarin ya ce ba shi zai hana mutum abinci ba. Wannan shi ne mai da mutum wajen ƙananan aji, sai dai a babban sikeli. Ƙudurin dokar da Majalisar Dattawa ta zartar a Yuli 2020 kan cin zarafin ɗalibai a manyan makarantu ya yi tanadin ɗauri har shekara 14 ga malami mai laifi, kuma abin da ya fi burge ni a ciki shi ne ya tanadi hukunci ga shugaban makarantar da aka kai wa ƙara ya danne. Shugaba Buhari ya sauka a 2023 bai sa masa hannu ba.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 aka kafa ta, shekarar da aka kori Paterno, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ta riga ta. Ban zo da zargi a kan kowa a cikinsu ba. Abin da na sani shi ne daga cikin waɗanda suke karanta wannan mujalla za a sami malaman wasanni da shugabannin makarantu na gobe a Kurfi da Safana da Ɗanmusa da Batsari, inda da ƙyar ake shawo kan uba ya bar 'yarsa ta wuce aji uku, balle ta sa wandon gudu. Tun da aka sace ɗalibai mata biyar daga gidan hayarsu a nan garin a Oktoba 2023, duk uban da ya bar 'yarsa ta dawo karatu ya yi ƙarfin hali, kuma amana ya ba mu. Ya san da 'yan bindiga, ya yi addu'a a kansu. Bai yi tsammanin sai ya yi addu'a a kan ofishin da za ta kai kuka ba.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwa masu rubuta mana wasan ƙarshen zango su gwada wani abu. A bar mugun a bayan labule, kada ma a ji muryarsa. A ba mu ofis ɗaya, da tebur, da kofunan gasa a kan kabad, da dattijo mai furfura wanda bai taɓa cin kwabon kowa ba, saura wata shida ya yi ritaya, wanda ake zargin kuma ɗan amininsa ne, shi ya kawo shi aiki. Gasa saura kwana uku. A sa yarinya ta yi sallama ta shigo ta durƙusa ta faɗi abin da ke tafe da ita cikin rabin kalmomi, yadda 'ya'yanmu suke yi, tana wasa da bakin hijabi. Kada a sa shi ya daka mata tsawa, wannan arha ne. A sa ya ji tausayinta da gaske, ya kira ta 'yata, ya ba ta ruwa. Sa'an nan ta fita, a bar shi shi kaɗai a dandali, ga takardar sunayen masu shiga bas a gabansa, ga biro a hannunsa, ana kiran sallar la'asar daga nesa.